Watan Agusta: Ma'anar Sunansa da Asalinsa a Daular Rum, Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara idan Agusta ya kama, ana ta yaɗa bayanai game da sunansa, wasu daidai, wasu kuma tatsuniya ce da ta daɗe tana yawo har ta shiga littattafan makaranta. Mun tattara tambayoyin da aka fi yi, muka amsa su bisa abin da marubutan Rumawa na dā suka rubuta da abin da aka tono a ƙasa. Duk inda muka ce "k.M." muna nufin kafin Miladiyya, wato kafin shekarar da ake fara ƙirga haihuwar Annabi Isa (AS).

Mene ne ma'anar kalmar Agusta?

Asalinta kalmar Latin ce, *augustus*, ma'anarta mai alfarma, abin girmamawa, wanda aka keɓe aka tsarkake. Da farko ba sunan mutum ba ce. Sifa ce da Rumawa suke yi wa wuraren ibadarsu da duk abin da aka keɓe ta hanyar al'adun addininsu. Tushenta ɗaya da aikatau *augere*, wato ƙarawa ko bunƙasawa, da kuma *augur*, sunan malamin addinin da yake duba tashin tsuntsaye ya faɗa ko allolinsu sun amince da wani aiki. Saboda haka kalmar tana ɗauke da abu biyu a lokaci guda: ɗaukaka da albarkar da ke sa abu ya haɓaka.

Girkawa da suka zo fassara ta sai suka ce *Sebastos*, wanda ake girmamawa. Kalmar ba ta da wata alaƙa da zafi, ko ruwan sama, ko lamba takwas. Masu cewa Agusta na nufin "wata na takwas" sun haɗa matsayin watan da ma'anar sunan, abu biyu ne daban.

Wane ne mutumin da aka sa wa watan sunansa?

Agustus, sarkin farko na daular Rum. An haife shi ranar 23 ga Satumba, shekara ta 63 k.M., sunansa na yanka Gayus Oktabiyus. Jikan 'yar'uwar Yuliyus Kaisar ne, janar ɗin da ya riƙe mulkin Rum kafin shi. Da aka kashe Kaisar ranar 15 ga Maris, 44 k.M., aka buɗe wasiyyarsa sai aka ga ya mayar da wannan saurayi ɗansa kuma magajinsa, a lokacin yana ɗan shekara 18. Masana tarihi suna kiransa Oktabiyan a wannan zangon na rayuwarsa.

Ya shafe shekara goma sha huɗu cikin yaƙin basasa, da farko da waɗanda suka kashe Kaisar, daga baya da abokin tafiyarsa Markus Antoniyus da sarauniyar Masar Kiliyofatra. Ya karya rundunar jiragen ruwansu a Aktiyum, gaɓar yammacin Girka, ranar 2 ga Satumba, 31 k.M. Ranar 16 ga Janairu, 27 k.M., majalisar dattawan Rum ta ba shi laƙabin Augustus, bisa shawarar wani ɗan majalisa mai suna Munatiyus Filankus.

Zaɓen wannan laƙabi ba a yi shi da ka ba. Wasu sun so a kira shi Romulus, sunan wanda ake cewa ya kafa birnin Rum. Amma Romulus sarki ne, kuma Rumawa sun kori sarauta kusan shekara ɗari biyar kafin nan, sun tsani kalmar. Zargin neman sarauta ne ya jawo wa Kaisar wuƙa. Laƙabin Augustus ya ɗaga shi sama da kowa ba tare da an furta kalmar sarki ba. Ya rasu a garin Nola ranar 19 ga Agusta, shekara ta 14 Miladiyya, kuma duk sarakunan da suka biyo bayansa sun gaji laƙabin. Shi ne Kaisar ɗin da aka ambata a farkon babi na biyu na Linjilar Luka, wanda ya ba da umarnin ƙidayar jama'a.

Me ake kiran watan kafin a sa masa wannan suna?

*Sextilis*, daga *sex*, wato shida. Wata na shida ke nan. Dalili kuwa shi ne tsohuwar shekarar Rumawa da Maris take farawa, kuma bisa labarin da su kansu suke bayarwa wata goma ne kawai a cikinta, kwana 304, sauran kwanakin sanyi ba su da suna. Watanni huɗu na farko suna da sunaye nasu: Martius, Aprilis, Maius, Iunius. Daga nan sai lamba: Quintilis na biyar, Sextilis na shida, September na bakwai, October na takwas, November na tara, December na goma.

An danganta ƙarin Janairu da Fabrairu ga sarkinsu na biyu, Numa Fomfiliyus, wanda ya kai shekarar kwana 355. Daga shekara ta 153 k.M. manyan shugabannin gari biyu, waɗanda ake kira kwansul, suka riƙa kama aiki ranar 1 ga Janairu, kuma da yake da sunayensu ake kiran kowace shekara, sai Janairu ya tabbata a matsayin farko. Watannin suka ja baya da mataki biyu, sunayen kuwa ba su motsa ba. Shi ya sa har gobe muke kiran wata na tara Satumba, alhali sunan bakwai yake nufi, Disamba kuma goma.

Yaushe aka sauya sunan, kuma me ya sa aka zaɓi wannan watan alhali a Satumba aka haife shi?

Shekara ta 8 k.M., kusan shekara 19 bayan ya sami laƙabin. Marubucin tarihin sarakunan Rum, Suwetoniyus, ya faɗa a fili cewa ya fifita Sextilis a kan watan haihuwarsa saboda a cikinsa ya fara zama kwansul, a cikinsa kuma ya sami manyan nasarorinsa. Wani marubuci na ƙarni na biyar, Makrobiyus, ya adana matanin ƙudurin majalisar, kuma dalilan da aka jera a ciki ana iya bin su da kwanan wata.

Ranar 19 ga watan, 43 k.M., ya zama kwansul yana ɗan shekara 19, bayan ya shigo Rum da sojoji. Ranar 1 ga watan, 30 k.M., ya shiga Iskandariya. Antoniyus ya kashe kansa, Kiliyofatra ta bi shi kwanaki kaɗan bayan haka, Masar da dukiyarta da alkamarta suka koma hannun Rum, yaƙin basasa ya ƙare. Ranakun 13, 14 da 15 ga watan, 29 k.M., ya yi hawan nasara kwana uku a jere: na yaƙin Dalmatiya, na Aktiyum, da na Masar. Wannan hawa shi ne girmamawa mafi girma da Rum ke yi wa janar. Yana tsaye a karusa mai dawakai huɗu, ganima da fursunoni na gaba, sojojinsa na biye, ana ratsa gari har tsaunin Kafitol.

Majalisar ta rufe da cewa wannan wata ya zama mafi sa'a ga daular, don haka a kira shi Augustus. Abin lura a nan, ranar haihuwa kowa na da ita. Shi ya zaɓi a riƙa tuna masa da watan da ya kama mulki da watan da ya kashe wutar yaƙi. Cewa ya rasu ranar 19 ga wannan watan, daidai ranar da ya fara zama kwansul shekara 56 kafin nan, Rumawan zamaninsa sun lura da shi ƙwarai.

Yuli fa? Hanya ɗaya ya biyo?

I. Quintilis ne aka mayar Iulius a shekara ta 44 k.M. don girmama Yuliyus Kaisar, da yake a cikinsa aka haife shi a shekara ta 100 k.M. Shi ne karo na farko da aka sa wa watan Rumawa sunan ɗan Adam. Bambancin kawai, Yuli sunan zuriya ne, gidan Yuliyawa, Agusta kuma laƙabi.

Gaskiya ne Agustus ya ɗauke kwana ɗaya daga Fabrairu ya ƙara wa watansa don kada na Kaisar ya fi shi?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan ita ce tatsuniyar da ta fi kowace yaɗuwa. Ga yadda ake ba da ita: wai Kaisar ya tsara watanni suna karɓa-karɓa, 31, 30, 31, 30, Fabrairu na da 29, Sextilis na da 30, wai Agustus ya ji kishi, ya yanko kwana daga Fabrairu ya kai watansa 31, sannan ya jujjuya watannin ƙarshen shekara don kada a sami uku masu 31 a jere. Labarin na da daɗin ji, amma babu marubucin Rum ko ɗaya da ya faɗe shi. An fara ganinsa ne a ƙarni na 13, a rubutun wani malamin lissafin taurari da ya koyar a Paris, Yohanes Sakrobosko, sama da shekara 1,200 bayan rasuwar Agustus.

Ga abin da ya faru. Kafin gyaran Kaisar, watanni huɗu ne masu kwana 31: Maris, Mayu, Quintilis da Oktoba. Fabrairu na da 28. Sauran bakwai ɗin kowane 29. Idan ka tara: 124, da 28, da 203, jimla 355. Kaisar yana buƙatar kwana goma ya kai 365. Sai ya ƙara bibbiyu ga Janairu, Sextilis da Disamba, shida ke nan. Ya ƙara ɗaiɗai ga Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba, huɗu ke nan. Bai taɓa Fabrairu ba. Wato tun ranar da sabuwar kalanda ta fara aiki, 1 ga Janairu, 45 k.M., Sextilis na da kwana 31. Shekara 37 ke nan kafin a sa masa sunan Agustus.

Hujjar ba a littafi kaɗai take ba. A shekara ta 1915 an tono guntayen wata kalanda da aka zana da fenti a bango a garin Anziyo, kudu da Rum, wadda aka yi tun kafin gyaran Kaisar. A ƙarƙashin kowane wata an rubuta adadin kwanakinsa, kuma Fabrairu 28 ne tun wancan lokaci. Akwai kuma wata takardar fafirus daga Masar ta shekara ta 24 k.M., mai jera kwanakin Rumawa kusa da na Misirawa, wadda ke nuna Sextilis da kwana 31 shekara goma sha shida kafin sauya sunan.

Muna jaddada wannan saboda malamai da yawa suna koyar da tatsuniyar da zuciya ɗaya, sun gan ta a littafi. Wanda ya iya wancan lissafin na kwana goma ya isa ya gyara ta a gaban allo cikin minti biyu.

To wane gyara Agustus ya yi wa kalanda?

Ya gyara kuskuren shekara mai ƙarin kwana, kuma a daidai lokacin wannan gyara ne aka sa wa watan sunansa.

A fara daga matsalar da Kaisar ya tarar. Shekara mai kwana 355 ta gaza ta rana da kwana goma da ɗoriya, kusan yadda shekarar Hijira take gazawa da kwana goma sha ɗaya, abin da ke sa azumi ya zagaya damina da rani. Rumawa ba su so bukukuwan nomansu su riƙa zagayawa haka, sai suka ɗora wa malaman addini, waɗanda ake kira *pontifices*, alhakin cusa wani ƙarin wata a ƙarshen Fabrairu lokaci-lokaci, wanda ke ƙara wa shekara kwana 22 ko 23. Inda aka sami ɓaraka: malaman nan 'yan siyasa ne. Suna iya tsawaita shekara idan nasu ne ke mulki, su ƙi idan abokin hamayya ne, a lokacin yaƙi kuma a manta gaba ɗaya. Kafin Kaisar ya sa hannu kalanda ta riga yanayi da kusan wata uku. Da shawarar masanin taurari Sosijenis na Iskandariya, ya ƙara kwana 90 a shekara ta 46 k.M., ta zama mai kwana 445, sannan ya kafa doka: kwana 365, da ƙarin kwana ɗaya duk shekara ta huɗu.

Bayan an kashe shi, malaman suka fahimci "shekara ta huɗu" bisa salon ƙirgar Rumawa, wadda take haɗawa da mafari. Misali da Hausa: daga yau zuwa gata mu kwana uku muke gani, gobe, jibi, gata. Barume zai ƙirga yau, gobe, jibi, gata, ya ce rana ta huɗu. Haka suka yi da shekaru, suka riƙa ƙara kwana duk bayan shekara uku. Cikin shekara 36 sun ƙara kwana 12 maimakon 9, rarar kwana uku ke nan. Agustus, wanda ya zama shugaban malaman addinin a shekara ta 12 k.M., ya ba da umarnin a dakatar da ƙarin kwana har shekara goma sha biyu don rarar ta narke, daga nan aka koma duk shekara huɗu yadda Kaisar ya nufa.

Ƙarin kwanan ma ba 29 ga Fabrairu ba ne a wurinsu. Ranar 24 ga watan suke ninkawa, wadda suke kira rana ta shida kafin Maris, ta zama "shida sau biyu", *bis sextus*. Waɗanda suka yi karatu da Faransanci a Nijar ko Kamaru sun san kalmar *bissextile*. Daga nan ta fito.

Yaya Rumawa suke rubuta kwanan wata a Agusta?

Ba sa ƙirga ɗaya zuwa talatin da ɗaya. Kowane wata na da turaku uku, kuma ana faɗin saura kwana nawa a kai turke na gaba. Turken farko *Kalendae*, 1 ga wata, wanda daga gare shi kalmar kalanda ta samo asali. Na biyu *Nonae*, na uku *Idus*. A Agusta, Nonae ranar 5 ce, Idus ranar 13. A Maris, Mayu, Yuli da Oktoba ne kaɗai suke faɗawa 7 da 15, kuma ƙara wa Sextilis kwana biyu bai motsa turakunsa ba, domin Kaisar a ƙarshen wata ya zuba ƙarin don kada ranakun bukukuwa su gurɓace. Wannan ma wata shaida ce cewa Agusta asalinsa gajeren wata ne.

Ga yadda za ka juya kowace rana. Idan tsakanin 2 da 4 ga wata ce, ka ɗauki 5, ka ƙara 1, ka cire kwanan: 2 ga Agusta ya zama 4, wato rana ta huɗu kafin Nonae. Idan tsakanin 6 da 12 ce, ka ɗauki 13, ka ƙara 1, ka cire: 9 ga Agusta ya zama rana ta biyar kafin Idus. Idan ta wuce 13, ka ɗauki 31, ka ƙara 2, ka cire kwanan, sannan ka ambaci watan gaba. Ranar rasuwar Agustus, 19 ga wata: 33 a cire 19, saura 14, a rubuce *a.d. XIV Kal. Sept.*, rana ta goma sha huɗu kafin farkon Satumba. Jajibirin kowane turke ba a ba shi lamba, *pridie* ake cewa.

Kuskure biyu ake yawan yi. Na ɗaya, mutum ya ga "Sept." ya ɗauka a Satumba abin ya faru, alhali duk kwanakin daga 14 zuwa 31 ga Agusta sunan Satumba suke ɗauke da shi. Na biyu, ya manta da ƙarin 1 ko 2 ɗin, ya sauka kwana ɗaya ko biyu gefe. Idan kuma kwanan ya girmi shekara ta 45 k.M., da 29 za ka yi lissafi, ba 31 ba.

Me ya sa ake kiransa watan bazara, alhali mu a tsakiyar damina muke?

Matsalar fassara ce. Ƙasashen Turai suna da lokacin zafi daga Yuni zuwa Agusta, kuma masu fassara sun saba kiransa bazara don ita ce lokacin zafinmu. Amma bazarar ƙasar Hausa tana zuwa ne wajen Maris zuwa Mayu, kafin ruwa ya sauka. A Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram, Agusta ne watan da ya fi kowane ruwa, lokacin marka, gero ya yi kai, rumbu ya kusa ƙarewa, sabon hatsi bai iso ba. A Rum kuwa akasin haka ne: rana ta ƙwalle, zafi kan haura digiri 30, ruwa ya ɗauke, an riga an girbe alkama, inabi na nuna. Rumawa suna danganta wannan zafi da fitowar tauraron Shi'ira tare da rana, suna kiran kwanakin *dies caniculares*, kwanakin kare, don tauraron yana cikin rukunin da suke kira Babban Kare. A Afirka ta Kudu da Ajantina kuwa Agusta ƙarshen sanyi ne. Sunan bai ɗaure da kowane yanayi ba, shi ya sa ya zauna a ko'ina.

Waɗanne bukukuwa Rumawa suke yi a watan?

Galibinsu na tsoron gobara ne da kare amfanin gona. Ranar 13 ta allahiyarsu Diyana ce, kuma bayi na hutawa a ranar. Ranar 19 ana roƙon kariya ga inabi kafin a tsinke shi. Ranar 21 bikin Konsus ne, wanda suke ɗauka mai tsaron hatsin da aka adana. Ana tseren dawakai, a hutar da jakuna da alfadarai a rataya musu furanni. Ranar 23 ta Bulkan ce, ubangijin wuta a wurinsu, inda magidanta ke jefa ƙananan kifaye cikin wuta don ta ci su ta bar rumbuna da gidaje. A garin da ya bushe ƙayau, mai benaye na katako a cunkushe, ana iya gane abin da ke tsorata su.

Har yau Italiyawa na hutun Ferragosto ranar 15 ga Agusta, sunan daga *feriae Augusti*, hutun Agustus. A makon, shaguna da ofisoshi da yawa a manyan birane kan rufe, jama'a su nufi bakin teku.

Sauran sarakunan Rum ba su gwada sa wa watanni sunansu ba?

Sun gwada. Kaligula ya mayar da Satumba Germanicus don tuna mahaifinsa. A zamanin Nero, Afrilu ya zama Neroneus. Domitiyan ya ɗauki Satumba da Oktoba. Komodus ya sauya duka goma sha biyun da sunayensa da laƙabansa. Babu wanda ya daɗe bayan mai shi. Dukkan su huɗun ƙarshensu bai yi kyau ba, an kashe uku, Nero ya kashe kansa. Magajin Agustus, Tiberiyus, shi ƙin tayin ya yi, kuma masanin tarihi Kasiyus Diyo ya ruwaito cewa ya tambayi majalisa me za su yi idan Kaisarori suka kai goma sha uku. Yuli da Agusta sun tsira ne don duk wanda ya hau mulki daga baya daga waɗannan mutum biyu yake neman halascinsa, da sunan Kaisar da laƙabin Augustus yake mulki.

Ta yaya Augustus ya zama Agusta a bakin Bahaushe?

Tun a Latin ɗin talakawa wasalin *u* na farko ya faɗi, aka koma cewa *Agustus*. Daga nan Italiyanci da Sifaniyanci suka sami *agosto*, Faransanci ya tauna shi har ya zama *août*. Larabcin Masar da Sudan na cewa Agusɗus, Maroko Gusht, Aljeriya da Tunisiya Ut irin na Faransa, yayin da Siriya, Lebanon da Iraƙi suke riƙe da tsohon sunan yankinsu, Ab. Siffar Hausa ta bi ƙa'idar harshen, wadda ta fi son kalma ta ƙare da wasali, kamar Satumba da Oktoba. Wasu na rubuta Ogusta ko Augusta bisa lafazin Ingilishi, amma Agusta ne aka fi gani a jaridu da rediyo.

A Latin, *Augusta* siffar mace ce, laƙabin da aka fara bai wa Libiya matar Agustus bayan rasuwarsa. Kamar da ta yi da tamu dacewa ce kawai. Watan ba sunan mace ba ne. Wannan siffar ce kuma ta shiga sunayen garuruwan da aka kafa a zamaninsa: Augsburg a Jamus, Aosta a Italiya, da Zaragoza a Sifen, wadda asalinta Caesaraugusta, Larabawan Andalus suka kira ta Saraƙusɗa.

Ba kowa ne ya karɓi sunan ba. Mutanen Poland suna cewa *sierpień*, watan lauje.

Sunan gunki ne?

Laƙabin mutum ne, sarki, kodayake kalmar ta fito daga harshen addinin Rumawa, kuma majalisa ta ayyana shi cikin allolinsu wata guda bayan rasuwarsa, a Satumban shekara ta 14. Watannin da sunayensu suka fito kai tsaye daga allolin Rum su ne Janairu daga Yanus, Maris daga Mars, Mayu daga Maya, da Yuni wanda aka fi dangantawa da Yuno.

Shekara nawa ke nan da sa wa watan wannan suna, kuma kwanakin da kuka ambata sun yi daidai da na kalandarmu?

Wajen lissafi a tuna babu shekara ta sifiri. Daga 1 k.M. sai 1 Miladiyya. Don haka ka tara shekarun biyu ka cire ɗaya. Daga 8 k.M. zuwa Agustan 2000: 8 da 2000, a cire 1, shekara 2007. Ka gwada da Agustus kansa: 63 da 14, a cire 1, 76. Ya rasu saura kwana 35 ya cika 76, wato yana da shekara 75. Wanda ya manta cire ɗayan zai ƙara masa shekarar da bai yi ba.

Kwanakin kuwa na kalandar Rumawa ne kamar yadda suka rubuta su, ba a juya su. Shekarar Kaisar ta fi ta rana tsawo da kusan minti 11, abin da ke tara kwana ɗaya duk shekara 128. Fafaroma Giregori na 13 ya gyara a 1582: aka kwana Alhamis 4 ga Oktoba aka tashi Juma'a 15 ga Oktoba, aka kuma cire ƙarin kwana daga shekarun cikar ƙarni sai waɗanda 400 ke raba su. Ingila ba ta bi ba sai 1752. Yau tazarar kalandun biyu kwana 13 ce, don haka 1 ga Agusta a tsohuwar kalanda, wadda wasu cocin Otodoks suke bi har yanzu, tana faɗawa 14 ga Agusta a tamu. Gyaran Giregori bai taɓa sunan wata ko tsawon Agusta ba.

Akwai hanya mai sauƙi ta tuna tsawon watan da ranar da yake kamawa?

Ka dunƙule hannu ka ƙirga a kan gaɓoɓin bayan yatsu: tudu 31, kwari 30 ko Fabrairu. Janairu a tudun farko, Yuli ya faɗa a tudun ƙarshe, sai ka koma tudun farko ka ce Agusta. Tudu biyu a jere, 31 da 31, kwana 62.

Ɗaya ga Agusta ita ce rana ta 213 a shekara, ta 214 a shekara mai ƙarin kwana. A irin wannan shekarar, Agusta da Fabrairu rana ɗaya suke kamawa, domin tsakaninsu kwana 182 ne, mako 26 cif. A sauran shekaru babu watan da yake kamawa rana ɗaya da Agusta. Ƙarshensa kuwa kullum rana ɗaya ne da ƙarshen Nuwamba: daga 31 ga Agusta zuwa 30 ga Nuwamba kwana 91 ne, mako 13, don haka idan Agusta ya ƙare ranar Lahadi, Nuwamba ma Lahadi zai ƙare.